Yawan tunani ciwo ne, kuma ana maganinsa da magana

Idan ka tsaya a bakin titin Obafemi Awolowo da ke Utako a Abuja da misalin ƙarfe bakwai na safe, za ka ga jama'a suna ta sauka daga motoci kamar tururuwa. Wannan ya taso daga Mararaba tun da aka idar da sallar Asuba, wancan daga Kubwa ko Suleja, waccan kuma daga Dutsen Alhaji. Wasu kasuwar Utako za su shiga, wasu ofisoshi, wasu kuma tashoshin manyan motocin da ke jigila zuwa sassan ƙasar nan. Kowa ya yi wanka ya sha turare. Duk wanda ka gaisar, amsa ɗaya zai ba ka: "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Amma a cikin masu wannan amsa akwai wanda rabonsa da barcin kirki ya kai wata uku. Akwai wadda ta yi kuka a banɗaki kafin ta fito, ba ta kuma san abin da ya sa ta kukan ba. Akwai wanda da zarar wayarsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi, don ya san ko mai gidan haya ne, ko makarantar yara, ko kuma daga gida ake neman a turo wani abu. Wataƙila ma kai ne, mai karatu, ko uwargidanka, ko ɗanka da ya daina fitowa falo.

Abin da akasari ke biyo baya sananne ne. Kai yana ciwo, jiki ya mutu, zuciya tana bugawa, ana jin kamar wani abu yana yawo a cikin jiki. Sai a tsaya a kemis a sayi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot. Bayan mako biyu a sake komawa. A je asibiti a yi gwaje-gwaje, a ce ba a ga komai ba. Daga nan sai a fara raɗe-raɗin sammu ko iska. Abin da ba a cika tambayar mutum ba shi ne: "Me ke damun zuciyarka?"

Ba kai kaɗai ba ne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya, wato kimanin mutum miliyan 970, yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Daga ciki, kimanin miliyan 301 ciwon fargaba ne ke damunsu, miliyan 280 kuma ciwon damuwa mai tsanani. Hukumar ta ce a shekarar farko ta annobar korona waɗannan cututtuka biyu sun ƙaru da kimanin kashi 25 cikin 100.

Ka lura da waɗannan alƙaluma da kyau. Mu a nan, da an ce matsalar ƙwaƙwalwa sai hankalinmu ya tafi kan mutumin da ke yawo a bola da tsumma. Alhali irin wannan kaso ne ƙarami. Mafi yawan masu fama da matsalar suna zuwa aiki, suna dafa abinci, suna tsayawa a sahun gaba a masallaci ko coci. Ciwonsu ba ya fitowa a fuska, shi ya sa yake daɗewa ba a gano shi ba.

Zaman birni irin Abuja yana ƙara wa abin nauyi. A Kano ko Katsina ko Zariya, magidanci yana da majalisar da yake zama bayan La'asar, mace tana da gwaggo ko yaya ko maƙwabciyar da za ta leƙa ta zauna da ita. A nan kuwa, mutum zai shekara uku a gida bai san sunan wanda ke ɗakin da ke kusa da nasa ba. Ya bar gida da duhu, ya dawo da duhu bayan ya sha cunkoson Nyanya. Kuɗin haya na shekara guda ake biya dunƙule, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabo. Ga kuma 'yan uwa a gida da ke ganin duk wanda ke Abuja a kan kuɗi yake kwana. Wa zai faɗa wa cewa ya gaji?

Yaushe damuwa take zama ciwo?

Baƙin ciki da fargaba ba cuta ba ne a karan kansu. Wanda aka yi wa rasuwa dole ya yi baƙin ciki, wanda ya yi asara dole ya shiga damuwa. Abin da likitoci ke dubawa shi ne daɗewar abin da kuma yadda ya hana mutum gudanar da rayuwarsa.

Ana zargin ciwon damuwa idan mutum ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, yana cikin ƙunci ko kuma ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa rai, tare da wasu daga cikin waɗannan alamu: rashin barci ko yawan barci, farkawa cikin dare a kasa komawa, rashin cin abinci ko cin da ya wuce ƙima, kasala, kasa tattara hankali wuri guda, ganin kai ba shi da amfani, yawan zargin kai, da tunanin cewa mutuwa ta fi. A wajen maza da yawa, abin ba ya zuwa da kuka, sai da saurin fushi, hantarar iyali da kuma gudun gida.

Ciwon fargaba kuwa shi ne tsoron da ba ya ƙarewa, ko da babu abin tsoro a gaba. Wani lokaci yakan zo farat ɗaya: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya yi sama-sama, gumi ya karyo, mutum ya ji kamar ransa zai fita, bayan 'yan mintoci kuma abin ya lafa.

Akwai kuma firgicin da ke biyo bayan mummunan abu. Mazauna Abuja ba su manta da bam ɗin tashar Nyanya na ranar 14 ga Afrilun 2014 ba, ko harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris ɗin 2022. Wanda ya tsira daga irin wannan, ko daga hannun masu garkuwa da mutane, ko haɗarin mota, ko fyaɗe, yana iya yin watanni yana mafarkin abin, yana zabura da an buga ƙofa, yana guje wa duk abin da zai tuna masa. Cewa da shi "ai ka gode wa Allah ka tsira" gaskiya ne, amma ba ya kawar da mafarkin.

Kafin a yanke hukunci, yana da kyau likita ya duba jiki, domin ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon zuciya da wasu cututtuka suna iya kawo irin waɗannan alamu.

Mece ce jinya ta hanyar tattaunawa?

Hanya ce ta magani da ƙwararre yake zama da mai damuwa a kai a kai, galibi sau ɗaya a mako na kusan awa guda, suna bin wani tsari da aka gwada aka tabbatar yana aiki. Ba hira ba ce irin ta majalisa, ba wa'azi ba ne, ba kuma nasiha ba ce irin wadda babba ke yi wa yaro.

A Turai ana danganta farkonta da Sigmund Freud, likitan birnin Biyana da ya fara aikinsa a ƙarshen ƙarni na 19. Amma tunanin ya girme shi nesa ba kusa ba. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro, fushi, baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki. Ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukar wa mutum haka kawai. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar buƙata.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, shi ya shimfiɗa ta a shekarun 1960. Ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba tare da sun gayyato su ba, game da kansu, da duniya, da kuma gobe. Tunanin yana haifar da ƙunci, ƙuncin ya sa mutum ya janye jiki daga mutane da aiki, janyewar kuma ta ƙara tabbatar masa da mugun tunanin. Aikin ƙwararre shi ne ya taimaka a tsinke wannan zagaye. Yawanci ana yin zama shida zuwa ashirin, ba a shekara da shekaru ana abu ɗaya ba.

Akwai wasu hanyoyin: wadda ke koyar da warware matsala mataki-mataki, wadda ke duba dangantakar mutum da na kusa da shi bayan rasuwa ko saki ko sauyin rayuwa, wadda ake zama da miji da mata ko iyali gaba ɗaya, da kuma waɗanda aka keɓe don masu firgici.

Yadda zaman yake kasancewa

Mu ɗauki misali. A ce ɗan kasuwa ne mai shagon atamfa a kasuwar Utako, ciniki ya ja baya, bashi ya taru, har ya fara ƙin fitowa shago. A zaman farko ƙwararren zai fi sauraro ne: yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya cin abinci, wa ke gida, akwai abin da ake sha, ko tunanin cutar da kai ya taɓa zuwa. A zama na gaba sai a shiga aiki.

"Alhaji, da ka farka da asuba ka tuna shago, me ya fara zuwa maka a rai?"

"Cewa na gama yawo, likita. Na zama abin kunya, ban tsinana wa iyalina komai ba."

"To, mu duba wannan maganar kamar yadda kake duba lissafin shago. Shekara nawa kana ciyar da gidan nan?"

"Goma sha takwas."

"A layinku, kai kaɗai ne ciniki ya ja wa baya?"

"A'a, kowa kuka yake yi."

"Da maƙwabcinka ne ya zo maka da wannan magana, za ka ce masa bai tsinana komai ba?"

Ka ga ba a ce masa bashin ƙarya ba ne, ba a kuma ce ya yi haƙuri kawai ba. An taimaka masa ne ya raba gaskiya, wato ciniki ya yi ƙasa kuma akwai bashi, da hukuncin da ciwon ya yanke masa, wato shi ba kowa ba ne. Daga nan sai a ba shi aikin gida: ya rubuta duk basussukan a takarda, ya zaɓi mutum ɗaya da zai tunkara a wannan mako su tsara yadda za a biya, ya fita shago ko na awa biyu ne kullum, ya taka da ƙafa na rabin awa da yamma. Mako mai zuwa a duba abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Da haka, sannu a hankali, mutum yake koyon yi wa kansa waɗannan tambayoyi ba sai da likita ba.

Babban abin da ke hana mutanenmu zuwa shi ne tsoron tonon asiri. Mun taso da jin cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Amma Hausawan da suka faɗi haka su ne kuma suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ƙwararren da ya san aikinsa, ƙa'idar sana'arsa ta ɗaure shi da riƙe sirri. Ba zai kai maganarka wurin matarka, ko surukanka, ko shugabanka a ofis ba. Inda kawai zai iya sanar da wani shi ne idan rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari, ko kuma kotu ta buƙata. Kana da damar tambayarsa wannan tun a zaman farko. Mace kuma tana da damar neman a haɗa ta da mace idan hakan ya fi mata sauƙi.

Abin da Aro da Harare suka koya wa duniya

Kada ka ɗauka wannan harka ta Turawa ce kawai. A shekarar 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda maimakon a kulle marasa lafiya a asibiti, sai a sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane shi ne mutumin Afirka ba ya warkewa shi kaɗai, sai cikin danginsa.

A Zimbabuwe kuma, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya ga cewa likitoci irinsa 'yan ƙalilan ne a ƙasar, sai ya horar da tsofaffin mata, kakanni, yadda za su saurari mai damuwa su taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Suna zama ne a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Sunan da suke kiran ciwon da harshen Shona ma'anarsa ita ce yawan tunani, daidai da yadda muke faɗa. Binciken da aka wallafa a shekarar 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da kakannin ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kusan rabi ne. Zama shida kacal tsarin ya tanada.

Addu'a ko asibiti?

Wannan tambaya ce da ke raba kan iyalai da yawa, alhali bai kamata ta raba ba. Mai hawan jini yana addu'a, yana kuma shan maganinsa, babu wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Haka ya kamata a ɗauki ciwon damuwa. Tarihin Musulunci ya san shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Labarin Annabi Yaƙub da irin baƙin cikin da ya yi na rabuwa da ɗansa Yusuf sananne ne ga Musulmi da Kirista. Ƙunci ba alamar nisa da Allah ba ne. Ƙwararren kirki ba zai ce ka bar salla ko azkar ko zuwa coci ba, sau da yawa ma zai ƙarfafa ka a kansu, domin suna cikin abin da ke riƙe mutum.

Inda ake samun matsala shi ne a tsaya ga ruƙiyya ko rubutu kaɗai har ciwo ya yi nisa, ko kuma a kai mara lafiya inda za a ɗaure shi da mari ana duka. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Duka da ɗauri ba su taɓa warkar da kowa ba.

Ka kuma sani, ba kowane ciwo ne magana kaɗai ke warkarwa ba. Wanda ke jin muryoyin da babu mai yin su, ko yake ganin ana bin sa za a kashe shi, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana surutai da ɓarnar kuɗi, wannan yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da magani ba tare da jinkiri ba. Haka ciwon damuwa idan ya yi tsanani, haɗa magani da tattaunawa ya fi amfani. Magungunan damuwa sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara jin sauƙi, kuma ba a daina su farat ɗaya sai da shawarar likita. Abin da za ka guje wa shi ne sayen ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba. Ta wannan ƙofa mutane da yawa suka faɗa shaye-shaye.

Mai jego da matashin gida

Uwargida, wannan ɓangaren naki ne. A al'adarmu mai jego tana samun gata: goyon ciki a gidan iyaye, wankan jego, kunun kanwa, da tsohuwar da za ta zauna da ita har a yi arba'in. A Abuja kuwa, mace takan dawo daga asibiti ta tarar da ɗaki shiru, miji ya tafi aiki, uwa tana can nesa. 'Yar damuwa da saurin kuka a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, kina jin ba ki shaƙu da jaririn ba, ko kina ganin ke ba uwar kirki ba ce, ko barci ya gagara ko da jaririn yana barci, to ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar rigakafi ko awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fuskantar irin wannan bayan haihuwa. Ba laifinki ba ne, kuma ana warkewa. Idan kuwa mai jego ta fara ruɗewa, tana surutai ko ganin abin da babu, a garzaya da ita asibiti a ranar.

Sai matasa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya, na shekarar 2018, ya gano cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. A bayan kwalbar kodin ko ƙwayar tiramol, sau da yawa akwai damuwar da ba a saurara ba. Yaron da ya daina cin abinci da kowa, karatunsa ya faɗi, yake kwana a kan waya, kafin ka ɗaga masa murya ka fara zama da shi.

Ina za a nufa?

Gaskiya ma'aikatan wannan fanni sun yi mana kaɗan. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Duk da haka mazaunin Abuja ya fi wasu sa'a. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da kuma Babban Asibitin Karu. A sauran sassan Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika. Za ka iya farawa da likitan da ka saba gani, ka gaya masa gaskiyar abin da kake ji, ka nemi ya tura ka.

Ka san bambancin waɗanda za ka tarar. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya ƙware a fannin, shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti shi ya fi gudanar da zaman tattaunawa da gwaje-gwajen tunani. Akwai kuma ma'aikatan jinya da na walwalar jama'a da aka horar. Asibitoci masu zaman kansu suna da saurin ganin likita amma da tsada, na gwamnati sun fi sauƙin kuɗi amma sai an yi haƙurin layi. Wasu ƙwararrun suna yin zama ta waya ko ta intanet. Ko ina za ka je, ka tambayi mutum abin da ya karanta, inda ya yi rajista, hanyar da zai bi da kai, zama nawa yake hasashe, da kuma kuɗin kowane zama. Ka yi hattara da masu tallar kansu a Facebook da TikTok da ke alƙawarin warkarwa cikin kwana uku. Idan bayan zama uku ko huɗu ba ka saki jiki da wanda kake gani ba, ba laifi ka nemi wani.

Doka ma ta sauya. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga zamanin mulkin mallaka. Sabuwar dokar ta amince da haƙƙin mai wannan lalura na a mutunta shi, a riƙe sirrinsa, kada a azabtar da shi, kada kuma a nuna masa bambanci a wurin aiki. Aiwatar da ita ne ya rage, amma sanin cewa tana nan kariya ce.

Aikin da ke kan iyali

Idan wani naka ya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa, ka ajiye waya ka saurare shi har ya gama. Kada ka yi saurin cewa "wasu sun fi ka shiga matsala" ko "kai dai ba ka da tawakkali". Irin wannan magana tana rufe bakin da aka daɗe ana fama kafin a buɗe. Ka ce masa ka ji, ka tambaye shi abin da za ka iya ɗauke masa, ka yi masa tayin rakiya asibiti. Kada ka kai maganar dandalin WhatsApp na dangi. Ka ja shi zuwa cin abinci tare, zuwa masallaci ko coci, zuwa tattaki da yamma ko da a bakin tafkin Jabi ne. Motsa jiki, barci a kan lokaci da zama cikin mutane suna taimakawa ƙwarai, ko da yake ba sa maye gurbin ganin ƙwararre idan ciwo ya kama.

Abu na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara a duniya. Idan mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko yana ganin iyalinsa za su fi hutawa in ba ya nan, ko ya fara rabar da kayansa yana neman yafiya ba gaira ba dalili, kada ka ɗauka wasa ne ko neman a kula shi. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, ko a kira lambar gaggawa ta 112.

Idan kuma kai ne kake ɗauke da wannan nauyi, ba sai ka jira ka faɗi ba tukuna. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi ka gaya masa a wannan makon, sannan ka nemi ganin likita. Gobe da safe in an ce maka "ina kwana", babu laifi ka amsa da "lafiya lau" kamar kowa. Amma ya kasance akwai wuri guda, ko mutum guda, da kake faɗa wa sauran maganar. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, ta jiki da ta zuciya.